Yadda Na Taho da Dokin Yaya Sahabi Daga Ƙonni

Tun da na dawo, duk wanda ya leƙo shagona a kasuwar Bukkuyum, ko ɗinki ya kawo ko hira, sai ya ce, "Umaru, wai da gaske bisa doki ka taho tun daga ƙasar Nijar?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura kullum ana ƙara wa labarin gishiri. Shekaranjiya a bakin mahauta na ji wani yana rantsuwa wai kura ta bi ni har kwana biyu. Babu kurar da ta bi ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Yaya Sahabi wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina koyon ɗinki ya tafi cin rani Birnin Ƙonni, garin ya karɓe shi, ya yi aure, ya zama mai amalanken doki. Shekara goma sha biyu, sau uku ya zo gida. Bayan an gama girbi sai wani falke mai goro ya kawo mana saƙo: babbar mota ta bugi amalankensa a bakin kasuwa, ya cika kafin a kai shi asibiti. Inna ba ta da ƙafar tafiya. Ran da aka yi addu'ar bakwai ta kira ni ta ce, "Tahi ka gano min kabarinai, ka gaida iyalinai."

Daga nan zuwa Gummi a bayan motar kaya na tafi, kuma rabon da na samu shi ne zama bisa buhunan barkono. Atishawa na yi ta yi har wani tsoho ya gaji da yi mini addu'a, ya ce sauran ya bar ni da Allah. Daga Gummi na sami motar Sakkwato, na kwana wurin wani tela da muka yi koyo tare, washegari na kama hanyar Illela.

A kan iyaka ban sha wahala ba. Jandarma, wato ɗan sandansu, ya karɓi takardar harajina ya jujjuya, ya tambayi abin da ya kawo ni, da na ce ta'aziyya sai ya miƙo mini ya ce Allah ya ji ƙai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wani dattijo mai tsabta da muka tsallaka tare. Duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Sannu Mushe." Raina ya ɓaci a madadinsa, har na ce masa, "Malam, mi kai musu suke ce ma mushe?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe malamin makarantar boko ne, kuma a can haka ake girmama su.

Gidan Yaya ɗaki biyu ne da danga a bayan tashar amalanke. Matarsa Rabi tana cikin takaba, ta bayan zana muka gaisa. 'Yarsa Hajo, mai shekara huɗu, ta fito ta tsaya tana kallona, da ta yi murmushi sai ga wushiryar ubanta. Nan na kasa riƙe kaina. Da la'asar abokan aikinsa suka raka ni maƙabarta.

Mutanen nan sun riƙe ni riƙon ɗan'uwa. Zauren maƙwabci aka ba ni. Da safe a kawo burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa har yana yankar dasashi, amma cikinsa da daɗi. Kwaɗon zogale kuwa kullum, sai dai su suna zuba masa mai da albasa fiye da mu. Shayinsu a 'yan ƙananan kofuna ake sha, zagaye uku. Ranar farko na kurɓe na farko mai ɗaci na miƙe, sai aka jawo mini riga aka ce ba a tashi sai an sha na uku. Lokaci ma nasu daban ne. Wani ya ce mu haɗu ƙarfe goma sha shida, na ce mu a Bukkuyum agogonmu a sha biyu ya tsaya.

A bayan gida na fara ganin dokin. Akawal ne, baƙi wuluk, dogo, amma ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. A cinyarsa ta hagu akwai tabon rauni da ya warke, a ƙirjinsa kuma gashi ya goge inda ɗamarar ja take zama. Masu amalanke suka ba ni labarinsa. Ashe suna da wata al'ada da ban taɓa ji ba: in an tashi kasuwa, sukan fita wani fako a bayan gari su yi tsere da amalanke ba kaya. Dokar tseren ita ce sassarfa kawai. Dokin da ya ɓalle da sukuwa ya faɗi, ko da shi ya riga kowa. Suka ce a sassarfa babu dokin da ke shan gaban na Sahabi. Amma tun ranar hatsarin ya ƙi shiga tsakanin sandunan amalanke. Da ya hango su sai ya hau rawar jiki, gumi ya karyo masa. Mutum uku sun gwada, ɗaya har ya sha harbi.

Da malam ya raba gado, amalanke da kayan gida suka faɗa wa Rabi da Hajo, doki ya faɗo wajen Inna da ni. Ranar nan wani dillali ya zo. Irin masu sayen dawakin da suka gaza ne, su loda su a mota su yi kudu da su, kuma kowa ya san ba hawa ake kai su a yi ba. Ya buɗe bakin dokin, ya mammatsa cinyarsa kamar mai tayin rago. Ni kuwa gaskiya na so in sallama. Mi tela zai yi da dokin da ba ya ja, ba a kuma taɓa hawansa ba?

Sai na ji muryar Rabi ta bayan zana.

"Umaru."

"Na'am."

"Naku ne, ba ni da ta cewa. Amma don Allah kar a sa shi mota. Yayanka ba shi karyawa sai wanga doki ya ci."

Na ce wa dillalin ya yi haƙuri.

Saura yadda za a kai shi gida. Mota dai ba zai shiga ba, ko ƙararta ba ya son ji. Sai ƙafa. Da ƙuruciya na hau goɗiyar babanmu, don haka na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na ari sirdi na ɗaura, na sa ƙafa a likkafa na haye. Dokin ya ƙame kamar an dasa shi. Na zungure shi da dunduniya, bai motsa ba. Sai ya waiwayo, ya ga mutum a samansa, ya ja da baya, ya zabura. Ban san lokacin da na sauka ba, sai ganina na yi a kan juji, toka har cikin hanci. Duk tashar ta kwashe da dariya.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani tsoho mai suna Baba Nomau, wanda ya yi aikin sintiri bisa doki tun zamanin Turawa. Ya jira na kakkaɓe, sannan ya ce, "Ɗana, shekara nawa ka yi kana koyon ɗunki?"

"Uku, Baba."

"Shi kau ka ba shi rabin sa'a."

Kwana goma sha biyu muka yi da shi a bayan gidan nan, safe da yamma. Ya ce in fara sanin abin da dokin ya sani, kafin in koya masa abin da bai sani ba. Ya san murya: in an ƙyasta harshe sau biyu ya tafi, in an ce "Hoo" ya tsaya. Ya san jan dogon linzami daga baya. Amma bai san nauyi a gadon baya ba, bai san maganar ƙafa ba, kuma bai taɓa ganin mutum a samansa ba, domin a wurin aiki ana sa masa wata fata da ke tare masa gefen ido.

Da buhu wofi muka fara. A ɗora, a sauke, a ɗora, har ya daina kulawa. Sannan buhu da rairayi kaɗan. Sannan sirdi, a ja majayi sannu sannu, a bar likkafu suna reto ana zagayawa da shi. Ni kuma aka ba ni aikin da ya fi ba ni kunya: in hau kan turmi in tsaya kusa da shi, ina sosa masa wuya ina yi masa hira. Mata masu zuwa rijiya suka riƙa leƙe suna cewa baƙon Zamfara ya taɓu. Baba Nomau ya hana a sa masa irin linzaminmu mai kaifi. Ya ce bakin dokin amalanke ya saba jingina da ƙarfe, in aka sa masa mai yanka zai zaci horo ne. Wani tsohon linzami mai santsi ya ɗauko daga ɗakinsa.

Ran kwana na bakwai na kwanta da ciki bisa sirdi, Baba yana riƙe da ragama. Ran na takwas na zauna. Na ji bayansa yana rawa a ƙarƙashina kamar fatar ganga. Baba ya ce, "Kar ka taɓa shi da ƙahwa. Yi mai maganar yayanka." Na ƙyasta harshe sau biyu. Ya ɗaga kunne, ya taka. Taku biyar kawai muka yi ranar, tsohon ya ce a sauka a ba shi dusa. Daga nan kullum in na ƙyasta harshe sai in ɗan matse ƙafa, har ya gane maganar guda ce.

Abin da bai gane ba har muka baro garin shi ne shan kwana. In na ce ya juya, sai ya yi wani zagaye mai faɗi, yana ba amalanken da babu shi wuri. Sau biyu yana goga mini gwiwa da danga a ɗaya gefen.

Ran tafiya Baba Nomau ya ce in tafi da sirdinsa, mai goro ya maido masa. Ya kama kunnen dokin ya yi masa wata magana da ban ji ba, sannan ya ce mini, "Rabin hanya bisa ƙahwarka za ka yi ta. In ya ji tsoro, sauka. Ba a jayayya da mai tsoro." Rabi ta aiko Hajo da ƙullin gero da kanwa, da hular Yaya a kai wa Inna. Ba ta fito ba, amma na ji kukanta.

A kan iyaka na miƙa takardar dokin da malamin dabbobi ya ba ni. Jandarman bai ko dube ta ba, dokin yake kallo. Ya ce, "Wanga ba na Sahabi ba ne?" Na ce shi ne. Ashe yana cikin masu zuwa kallon tsere. Ya shafa goshin dokin, ya kira abokan aikinsa suka zo suka gani, har ya kawo masa ruwa a bokiti da hannunsa.

Daga Illela na bi ayarin wasu masu koren shanu zuwa Sakkwato, shugabansu wani Bafillace mai suna Buba. Ta burtali muka bi, nesa da kwalta. A nan na san mece ce sassarfar dokin tsere. Taku ne dogo mai jijjiga, kamar ana dakan mutum a turmi. Kwana biyu cinyoyina suka sale, in na sauka sai in riƙa tafiya kamar agwagwa. Buba ya ba ni man shanu in shafa, yana cewa, "Tela, wannan ɗunkin ya fi ƙarfin kekenka."

Wata ɗabi'arsa kuma ta bayyana. Duk inda ya ga mutum tsaye a bakin hanya da kaya, sai ya ratse ya tsaya a gabansa, yana jiran a loda. Kusa da Gwadabawa ya tsaya gaban wata tsohuwa mai ɗaurin itace, na yi juyin duniya ya ƙi gaba. Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, lahiya?" Da na gaya mata dalili, ta ce, "To ai ya fi ka hankali." Haka na sauka, muka ɗora itacen bisa sirdi, na ja shi har ƙofar gidanta. Ta dama mana fura mai sanyi, ta ba dokin dusa.

Wurin da na fi jin tsoro a tafiyar nan duka shi ne gadar gulbi kafin a shiga Sakkwato. Shanu sun bi ta ruwa, amma gangaren wurin laka ce, na ji tsoron ƙafarsa mai rauni, sai na ce bari mu bi gada da sauri tun babu mota. Muna tsakiya sai ga babbar mota ta taho ta bayanmu, direban ya danna oda. Dokin ya daskare. Sannan ya fara ja da baya a karkace, gindinsa yana nufar bakin gada, inda wani ƙarfen kariya ya karye. Na leƙa na hango ruwa can ƙasa.

Na diro. Na tuɓe rigata na rufe masa idanu, na rungume kansa a ƙirjina. Jikinsa duk ya jiƙe, zuciyarsa tana bugawa har ina jin ta a hannuna. Ba abin da nake cewa sai "Hoo, hoo, ni ne, hoo." Direban ya leƙo yana faɗa, na ɗaga murya na ce, "Don Allah kashe ta! Mota ta kashe mai shi a gabansa!"

Bawan Allah nan ya kashe injin. Ya sauko, ya je bayan motarsa ya tare sauran motocin da suka biyo. Fasinjoji suka yi ta surutu, wani yana cewa a kan dabba za a ɓata musu lokaci. Na ji direban ya ce, "Wanda ke sauri ya sauka ya bi ruwa." Gadar ta yi tsit. Na jima tsaye a haka kafin rawar jikin ta lafa. Sannan na ƙyasta harshe, muka taka, idonsa a rufe, kansa a kafaɗata, har muka sauka muka ratse cikin wata gonar rogo. Da motar ta zo wucewa a hankali direban ya ɗago mini hannu. Ban san sunansa ba, amma ba na sallah ban sa shi a addu'a ba.

A Sakkwato muka rabu da su Buba. Na huta kwana ɗaya, sannan na bi gefen hanyar Dange da Tureta, daga nan na yanki daji na yi kudu. Inda rana ta faɗi nan nake neman zauren mai gari, ko in sauka ruga. Ba inda aka hana ni tuwo, ba inda aka hana shi harawa. Sai dai kowane gari sai an taru an yi mini tambaya, wane irin doki ne wannan da ba ya taƙama ba ya sukuwa. Domin har lokacin, duk yadda na matsa masa, sai dai ya ƙara tsawon sassarfa. An hore shi tun yana ƙarami cewa sukuwa laifi ce.

Ran kwana na goma muka iso fadamar Gulbin Zamfara, ƙasar Anka tana gabas da mu. Da hantsi ne, wurin shimfiɗe, ciyawa gajera. Wata goɗiya da ɗanta suna kiwo, da suka gan mu sai suka zabura suka yi gaba da gudu. Ban yi komai ba. Sai na ji bayansa ya tattaru, ya ɗaga, jijjigar nan ta ɓace, muka shiga lilo mai laushi. Sukuwa yake yi. Taku kamar goma ya yi, sai ya ja birki da kansa, ya maƙe kunnuwa, ya sunkuyar da kai gefe yana jiran bulala.

Tausayinsa ya kama ni. Na sunkuya na shafa wuyansa, na ce, "Ba kome. Yi abinka." Na sassauta linzami, na ƙyasta harshe. Ya yi jim, kunne ɗaya yana waiwayena. Sannan ya tafi. Hulata ta faɗi ban koma ɗauka ba sai daga baya. Muka yi ta gudu a fadamar nan ina ihu kamar yaro, har wasu masu ban ruwan albasa suka miƙe suna kallo. Da ya gaji ya tsaya don kansa, yana huci, ya kai baki ya fizgi ciyawa.

Washegari da la'asar muka shigo Bukkuyum. Kafin in kai gida labari ya riga ni, unguwa ta cika. Na ɗaure shi a gindin darbejiyar ƙofar gida, na shiga na durƙusa gaban Inna. Na gaya mata na ga kabarin, yana da kyau, an sa masa ƙaya saboda dabbobi. Na gaya mata Rabi tana gaisuwa, Hajo kuma ubanta sak. Na miƙa mata hular. Ta riƙe ta a cinya, ba ta yi kuka ba. Tun ran da saƙon ya zo babu wanda ya ga hawayenta.

Can ta ce, "Kama ni in tashi."

Na riƙe ta, da sandarta, muka fita a hankali. Mutane suka dare. Ta tsaya gaban dokin ta jima tana dubansa, ta kai hannu ta taɓa inda gashi ya goge a ƙirjinsa, ta bi tabon cinyar da yatsa.

"Shina wurin sa'ad da abin ya faru?"

"Shina wurin, Inna. Shi ya fi kowa kusa."

Dokin ya sauke kai yana shinshinar zanenta. Ta ɗora tafin hannu a goshinsa, ta yi masa magana yadda ake yi wa mutum.

"Sannu, bawan Allah. Ya haƙuri? Kai ma ka yi rashi."

Sai muryarta ta karye. Ta jingina goshinta da wuyansa ta yi kukan ɗanta, dokin yana tsaye bai motsa ba, mu kuma duk muka sunkuyar da kai har ta gama.